Gabbar Singh a Gonar Gero

Kowa da irin jarabarsa. Wani tattabaru yake tarawa, wani dawaki, ni kuwa Allah ya ɗora mini son tsofaffin kaset-kaset na finafinan Indiya. A Agye in ka ce gidan Mushe Mai Kaset, ko yaro zai kai ka.

Ciwon tun na samartaka ne, lokacin da muke zuwa Maraɗi kallon silima. Ba ma jin Indiyanci ko kalma guda, amma Dharmendra namu ne, Sarkin Ƙarfi muke ce masa. Kwarori ƴan Labanan suka fara shigo da finafinan Indiya ƙasar Hausa tun shekarun 1950. Da bidiyo ta zo, sai a kawo fim daga Dubai, a kwafe shi a Ƙofar Wambai ta Kano, ya ƙetaro ta Jibiya da Ɗan Isa. Kafin ya iso mana an kwafi kwafin kwafi, ba ka bambanta jarumi da dokinsa. Ni kuwa na asali nake so, mai kwali da hoto.

Na mallaki Mother India na 1957, da Amar Akbar Anthony na 1977, da Disco Dancer na 1982. Sholay na Ramesh Sippy, na 1975, shi ya gagare ni, har sai da ɗan yayata mai tuƙa tasi a Amurka ya tsinto shi a shagon wani Ba'indiye. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki!

Kaset ya sauka Yamai lafiya, aka ba wani direba. Direban ya yi nisa a hira, ya wuce Agye da shi sai Gazawa. Na hau kabu-kabu na bi sawu, na tarar mai shayin tasha ya tokare ƙafar teburinsa da shi. Sai da na nemo masa bulo kafin ya sakar mini dukiyata.

Da dare na shimfiɗa tabarmi, na gayyaci unguwa. Ina kunnawa hoto ya kama tsalle yana birgima, murya kuwa sai ƙara. Yaron da ke gyaran rediyo ya duba ya ce, "Kawu, kaset ɗinka da injinka ba sa jin yaren juna. Amurka NTSC take yi, Najeriya PAL, mu nan SECAM muka gada daga Faransa. Sai ka samo inji mai jin duka uku." Sabon inji kuma babu, don Funai na Japan, kamfanin ƙarshe da ke ƙera su, ya daina tun 2016.

Aka ce akwai irinsa a Gidan Rumji, wurin wani tsohon ma'aikacin duwan. Na ratsa Cadawa da Maraɗi da Tsibiri na same shi. Ya ce injinsa ba ya tafiya shi kaɗai: sai da shi, da kujerar gaba, da kaza. Na ce, "Alhaji, an gama."

Wannan karon hoto ya fito tangararan. Amitabh da Sarkin Ƙarfi suka yi dambe da ƴan fashi a kan jirgin ƙasa, tsofaffi suna kabbara. Ana gab da Gabbar Singh, mugun fim ɗin, ya bayyana kan duwatsunsa, sai allo ya yi ƙyafta, ga wasu Indiyawa cikin katafaren zaure suna cin shinkafa. Ashe wani ya liƙe ramin kaset ɗin da salatif, ya ɗauki bikin ƴarsa a kai.

Na tashi zan kashe, mata suka ce wallahi ban isa ba. Har tsakar dare suna ƙiyasta zinariyar amarya, suna kushe uwar ango. Maza kuwa suka koma gefe, wani tsoho yana ba su sauran fim ɗin da baki, har aka kusa ba hammata iska kan yadda Thakur ya rasa hannuwansa. Alhaji ya cinye kaza, ya tambayi ko akwai fura.

Da gero ya fitar da kai, jan-baki suka sauko. Uwargida ta ce, "Malam, wancan kaset da ya ba ka kunya, na sama masa aiki." Ta zare zarensa, wanda ya haura mita 200, ta ɗaure a kan sanduna daga wannan kunya zuwa waccan. Yana ƙyalli, iska tana sa shi kuka, tsuntsu ko ɗaya bai sauka ba. Gabbar da bai fito a allo ba, ya tsare mana gona.

Yanzu manoma ke sallama a ƙofata, kowa da tiyar gero a hannu, wai a ba su zaren kaset na Amurka, an ce ya fi na Kano tsoratar da tsuntsu. Mother India na cikin akwati, makullin yana rataye a wuyana, don jiya na ji uwargida tana gaya wa maƙwabciya cewa bana za ta ƙara da gonar dawa.