Malam, Rawa Ma Da Kayan Aikinta

Tun daga kan magana na ga wasu sun taɓe baki. Ga Malam can ya tura hula ƙeya yana cewa, wato matsalolin duniya duk sun ƙare, saura gashin 'yan rawa? Ga Hajiya ta ce ita dai a saninta rawa ƙafa ce da kwankwaso, me ya haɗa ta da mataji? Ku yi haƙuri ku zauna. Akwai ƙasar da uwa ke tashi tun kafin asuba da jaka cike da fil da raga da gam da gwangwanin feshi, ta yi ta fama da kan 'yarta har gari ya waye, duk don rawar da ba za ta wuce minti biyu ba. Kuma matar nan lafiyarta ƙalau.

Ƙasar ita ce Ailan, maƙwabciyar Ingila. Rawarsu ta gargajiya abin kallo ce. Mai rawa takan miƙe sambal, ta manne hannuwa a gefen jiki kamar an ɗaure su, ƙafafu kaɗai ke aiki, suna dukan katako, suna tsalle, suna harɗewa. Akwai hukuma sukutum mai kula da ita, ana kiranta CLRG, wadda ƙungiyar raya harshen Ailan ta kafa, ta kama aiki sosai a 1930. A 1970 aka yi gasar duniya ta farko a Dablin. Sai kuma ranar 30 ga Afrilu 1994, ana hutun tsakiya a gasar waƙa ta Eurovision, Michael Flatley da Jean Butler suka fito da rawar Riverdance ta minti bakwai, duniya ta miƙe tsaye tana tafi. Daga nan makarantun rawar suka cika da yara, daga Amurka har Ostireliya. Yara suka yi yawa, gasa ta yi zafi, kowace uwa na neman abin da zai sa alƙali ya kalli tata.

To yanzu, Hajiya, ki yi tunani. An hana hannu motsi, an hana kafaɗa, an hana kwankwaso. Daga ƙugu zuwa sama me ya rage da zai nuna yarinya ta yi tsalle? Gashi. Shi ya sa suke son gashi mai murɗe-murɗe, wanda in ta tashi sama zai tashi da ita, in ta sauko ya biyo ta yana rawa da kansa. Alƙali yana zaune can nesa, yara biyu ko uku suna rawa a gabansa lokaci guda. Wadda gashinta ya fi tashi sai a ga kamar ta fi tsalle. A takarda dai ƙafa ake dubawa, ba a ba gashi maki. Amma alƙali ɗan'adam ne, ido gare shi.

A da, kafin a samo dabara, wahala ake sha. Daren gasa uwa za ta jiƙa gashin yarinya, ta raba shi ƙanana-ƙanana, ta naɗe kowane a jikin tsumma ko ɗan soso, yarinya ta kwana da su tana juyi, ba barci. Wasu ma da su suke zuwa makaranta, yara suna yi musu dariya. Da safe a warware, a fesa, a kama hanya. Sai dai Ailan ƙasar yayyafi ce. Kafin a isa zauren gasa danshi ya shiga, aikin dare guda ya miƙe ya koma yadda yake. A nan hular gashi ta shigo, ta zaren roba mai murɗin da ba ya saki, ruwa ko rana. Ga iyaye sauƙi ne ya zo: yarinya ta yi barcinta, uwa ma ta yi nata.

Na ji Malam ya yi gyaran murya, zai ɗauko maganar ƙarin gashi. Allah ya gafarta Malam, hukuncin wannan a wurinmu sananne ne, kuma ban zo da fatawa ba. Labarin mutanen Ailan nake bayarwa, ban ce a aika kasuwar Kwari a sayo wa Ummi ba.

Bari ku ga yadda ake ɗora ta, don a nan aikin yake. Da farko a taje gashin yarinya, a ware na gaba, a ɗaure sauran gida biyu da ribom, ɗaya a tsakar ka, ɗaya kusa da ƙeya. A kan na saman sai a zura wani zoben soso, wani lokaci har biyu, don kai ya yi tudu. Kakanninmu da suka yi kitson doka, suna cusa tsumma a ƙarƙashin gashi don ya yi tozo, da sun gani da sun ce ai wannan namu ne. Hular tana da ɗan mataji a ciki, shi ake cakawa a gindin ɗaurin, a jawo ta baya, a ja igiyar bakinta ta tsuke. Sannan fil ya fara shiga, gewaye da kai, yarinya tana cije leɓe, uwa na riƙe da wasu a baki tana magana ta hanci. A ɗaga gashin gaba a yi masa ɗan tudu, a fesa, a ɗora kambi mai duwatsun ƙyalli. Daga ƙarshe sai gwaji: a ce ta girgiza kai da ƙarfi, ta yi tsalle. In wani abu ya motsa, a koma baya. Don ba abin da ke tsinka zuciyar uwa kamar ta hango hular 'yarta ta karkace ana tsakiyar rawa, ko ta faɗo gaban alƙalai.

Fil ɗin nan da kuke rainawa, Yaya, ya girme ku. Ya yaɗu ne a shekarun 1920, lokacin da matan Turai da Amurka suka shiga yayin yanke gashi gajere suna neman abin da zai riƙe shi. A Ingila har yau da sunan kamfanin Kirby, Beard na birnin Bamingam ake kiransa. In kun duba za ku ga ƙafa ɗaya miƙaƙƙiya ce, ɗaya mai lanƙwashe-lanƙwashe. Mai lanƙwasar ita ake juyawa wajen fatar kai, don ita ke kama gashi. Rabin matan da ke dariya yanzu a juye suke saka shi, su je su duba madubi. Masu abin sukan gitta biyu, ɗaya kan ɗaya, su kulle juna, wasu har su fesa wa fil ɗin feshin gashi kafin su caka don kada ya zame. Kuma dole launinsa ya dace da na gashin, haka ma ragar da ake rufe ɗauri da ita, wadda siririya ce har ba a ganinta daga nesa.

Feshin gashi kuwa, ku riƙe cikinku, sauro ne silarsa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu zazzaɓin cizon sauro yana kayar da sojojin Amurka a tsibiran tekun Fasifik. A 1941 wasu ma'aikatan gwamnati biyu, Lyle Goodhue da William Sullivan, suka haɗa ɗan gwangwani mai iskar matsi wanda soja zai fesa a tantinsa. Da yaƙi ya ƙare 'yan kasuwa suka ce wannan gwangwani bai kamata ya zauna banza ba. Kafin shekarun 1940 su ƙare an ɗura masa maganin riƙe gashi, a 1950 kamfanin Helene Curtis ya fito da nasa mai suna Spray Net. Yadda yake aiki ba sihiri: wani ɗanko ne aka narkar a cikin sifirit. In an fesa sai sifirit ɗin ya bushe nan take, ɗankon ya zauna ya liƙe silin gashi da ɗan'uwansa a duk inda suka gittu. Shi ya sa yake kama wuta, shi ya sa kuma bayan dandalin gasa, inda iyaye da yawa ke fesawa lokaci guda, mai asma ba ya daɗewa. Don haka Malam, gwangwanin da kake bin sauro da shi a ɗaki da wanda ake fesa wa 'yar rawa, kakansu ɗaya.

Ba 'yan Ailan kaɗai ba. Masu rawar bale da masu rawar biyu-biyu, irin wadda ake gasarta a Bilakful ta Ingila tun 1920, su nasu salon akasin wancan ne. Ba sa son sili ko ɗaya ya motsa. A shafe kai da jel, a bi da burushi, a busar, a sake shafawa, har ya koma yana sheƙi, in ka ƙwanƙwasa ka ji tauri. Dalilinsu shi ne juyi. Mai juyawa da sauri, in jelar gashi ta make ta a ido ko ta make abokin rawarta, an gama. Kuma alƙali yana son ya ga wuya da kafaɗa fili, don a nan ake gane tsayuwar jiki.

Akwai kuma gam a jakar, amma na safa ne. Farar safar 'yan rawar Ailan in ana tsalle zamewa take yi, sai aka yi mata gam na musamman mai fita da ruwa, ana shafawa a ƙwauri a manna ta. Na ga Baba ya ce ai shi ma yana da gam a shago, mai ƙarfi, ga araha. Baba, ajiye shi. A farkon 2021 wata mata a jihar Luwiziyana ta Amurka feshin gashinta ya ƙare, ta ɗauki feshin gam na Gorilla Glue, na manna katako da ƙarfe, ta fesa a ka. Ta yi sama da wata guda gashi ya ƙi ko gezau, wanki bai yi ba, asibiti bai yi ba, sai da wani likitan fiɗa haifaffen Gana, Michael Obeng, ya haɗa sinadari ya narkar da shi.

Yanzu in ba ku gaskiyarku, don kuna da ita, ko da ba ta kai yadda kuke zato ba. Abin da aka kawo don sauƙi ya zama tsere. Hula ta yi ta girma, kambi ya yi ta tsawo, aka ƙara da jan baki da gashin ido na kanti da man rina fata, har 'yar shekara bakwai ta koma kamar amarya. Mutanen Ailan da kansu sun yi ta surutu a kai, kuma a 2014 hukumar ta hana 'yan ƙasa da shekara goma kwalliyar fuska da gashin idon kanti. Hular gashi ba a hana ta ba, ba kuma a taɓa wajabta ta ba, shi ya sa ake samun masu fitowa da gashinsu na Allah, a ɗaure kawai. Ni da za a tambaye ni, ƙananan nan a bar su da nasu. Uwar da ta sayi hula da kambi da riga mai tsada, yarinya ta dawo ba ko lambar yabo, ita ta san ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Balle a 2022 jaridun Ailan suka fallasa zargin cewa wasu malamai da alƙalai na shirya sakamako tsakaninsu tun kafin a hau dandali. Iyaye na can suna ɗaure gashi, ashe wasu sun riga sun ɗaure maki.

Illar da ta fi damuna ita ce ta fatar kai. Gashin da ake ja da ƙarfi kullum, a wuri guda, saiwarsa gajiya take yi. Goshi ya fara ja da baya, gefen kunne ya yi fili, in aka daɗe ana yi ba ya sake tsirowa. Likitoci sun rubuta wannan tun 1907, a kan matan Girinlan masu ɗaure gashi tamau, kuma sananne ne a wurin masu rawar bale. Na ga Hajiya tana gyaɗa kai, ta samu abin faɗa. Sannu Hajiya. Ranar jajibirin sallah wa ya danne kan 'yar shekara biyar tsakanin gwiwoyin makitsiya, aka ja shuku har girarta ta ɗage, ƙananan ƙuraje suka fito a goshi, aka ce ta yi shiru ado sai da wahala? Laifi tudu ne. Ciwon ɗaya ne, maganinsa ma ɗaya: a sassauta, a riƙa sauya wurin ɗauri, in yarinya ta ce kanta na ciwo a yarda da ita.

Malam kuma da ke cewa wannan shirmen mata ne da Turawa, ina gayyatarsa Ingal ta Nijar a ƙarshen damina. Samarin Woɗaaɓe sukan shafe sa'o'i da ɗan madubi a hannu kafin bikin Gerewol, su shafa jar ƙasa a fuska, su zizara kwalli, su gyara kitso, su kafa gashin jimina a rawani, sannan su jeru suna rawa suna zare ido da nuna fararen haƙora, 'yan mata na alƙalanci. Gasa ce, rawa ce, samari ne, ga kayan gyaran kai. Malam ya je ya ce musu shirme suke yi, amma ya fara duba sandunan da ke hannunsu.

Mu koma kan 'yan rawar Ailan. In gasa ta tashi saura cirewa, kuma nan ma akwai ƙa'ida. Ba a fizgar hula. Fil ɗaya-ɗaya ake zarewa, a sassauta igiya, a ɗaga matajin ciki a hankali. Gashin da ya sha jel da feshi ba a sa masa mataji a bushe, karyewa zai yi. Sai an jiƙa shi da ruwan ɗumi da man laushi ɗankon ya saki. Ita kuma hular ba a taje ta ko kusa, in ka taje murɗin ya tafi ke nan. Inda ta yi buzu-buzu almakashi ake sawa a datse, a mayar da ita cikin ragarta, a rufe a kwali. In yarinya ta girma ko yayi ya sauya, a sayar wa wata uwar da ke farawa, a haɗa mata da ragowar fil, don nata ma ɓacewa za su yi, a mota, a kujera, a cikin injin wanki, har sai mai gida ya taka ɗaya da tsakar dare ba takalmi.