Zuwa ga Apple, Telan da Ke Ɗinke Aljihu Cikin Dare



Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da manya, da fatan duk mutanenku na Cupertino suna lafiya, da ku da lauyoyinku. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jan ɗigon nan naku. Daren jiya ma ya sake tsirowa a fuskar tsofaffin kwamfutocin Mac da masu su suka ƙi sabunta wa manhaja da gangan, yana tuna musu cikin ladabi cewa akwai alherin da ke jiransu, su dai danna kawai. Alherin kuwa an san shi. Wanda ya danna da dare yana da kwamfuta mai aika faks, ya tashi da safe da kwamfuta mai sabon hoton dutse a bango, ga modem a jone, ga layin tarho da ransa, amma ƙofar da takarda ke bi ta fita an toshe ta da siminti.

Bari in tuna muku tarihin, tunda na lura sabuntawa tana goge muku tunani. A 2003 kuka fito da manhajar Mac mai suna Panther, kuna alfahari da cewa daga yanzu duk takardar da za a iya bugawa a firinta ana iya tura ta faks daga wuri guda, ba sai an sayi wata na'ura ba. A 2005 kuka fara cire modem daga cikin kwamfutocin, kuka ce wanda ke so ya sayi ɗan farin modem ɗinku na USB a kan dala 49. Aka saya. Kuka ci gaba da karɓar kuɗin mutane har 2009. A watan Yulin 2011, ko shekara biyu ba a cika ba, sabon zubin manhajar mai suna Lion ya iso, ya dubi wannan modem mai tambarin tuffa a jikinsa ya ce bai san shi ba. Har sashen da ake kira na bugawa da faks kuka sake wa suna, kuka share faks daga kan allo kamar sunan matar da aka saka. Masu haƙuri suka koma kasuwa suka sayi na USRobotics ko na Zoom, suka lallaɓa shekara biyar. Sai manhajar Sierra a watan Satumban 2016, ta kwashe sauran abin da ya rage. A wajen tallarta Siri aka yi wa guɗa, faks ko ta'aziyya bai samu ba.

Na san amsarku ta farko, don kun saba ba da ita: zamani ya wuce faks. Gaskiya ne, tsoho ne tukuf. Alexander Bain, mutumin Sukotland, ya yi rajistar dabarar tun 1843, shekara talatin da uku kafin Bell ya yi rajistar tarho. Ba kuma ina kare shi don ƙauna ba ne. Wa zai so wannan kuka nasa mai kama da na akuya ta maƙale a shinge, da rubutun da ke fitowa dishi-dishi? Amma ku gaya mini, wa ke zaɓen faks, mai aikawa ko mai karɓa? Wanda asibiti ya ce ya turo takardar likita ta faks, ko kamfanin inshora, ko ofishin lauya, ba shi da bakin cewa shi ɗan zamani ne. A 2018 ƙungiyar likitocin tiyata ta Ingila ta ƙirga injinan faks fiye da 8,000 a asibitocin gwamnati, shekara biyu bayan kun yi masa sallar gawa. Sai da ministan lafiya Matt Hancock ya kafa dokar hana sayen sababbi, ya kuma ba da wa'adi har ƙarshen Maris na 2020. A Japan minista Taro Kono ya tashi haiƙan a 2021 zai kore shi daga ma'aikatu, ƙorafi ya zubo masa ɗaruruwa, dole ya sassauta. Ku lura da abin da waɗannan mutane suka yi: sun sanar, sun sa rana, sun fara da ofishin da ke karɓa. Ku kuwa kun fara da talakan da ke aikawa, kun kwance masa takalmi alhali ƙayar tana nan a hanya. A Najeriya ma faks ya fi samun mutunci, mutuwar Allah ya yi, ya bi NITEL da wayar girke, babu wanda ya shaƙe shi a kan gado.

Za ku ce ai kun saba cire abubuwa duniya ta biyo ku. Kun cire ramin fulofi a iMac na 1998, kun cire na faifan CD a MacBook Air na 2008, kun cire ramin abin sauraro a iPhone 7 har Phil Schiller naku ya kira hakan jarumta. To, a nan ne fa nake so ku tsaya, domin nan ne maganar take. Duk waɗannan a kanti aka gan su kafin a biya kuɗi. Kowa ya sayi rariya ya san tana zubar da ruwa. Wanda bai ga ramin da yake so ba ya ajiye ya tafi, kuɗinsa na aljihunsa. Maganar faks dabam ce. Kwamfutar an riga an saye ta, tana ɗakin mai ita, tana yin aikin jiya da shekaranjiya. Kamar tela ne ya ɗinka maka riga da aljihu, ka biya, ka sa ta shekara huɗu, sai ya aiko cewa zai gyara maka wuya kyauta. Riga ta dawo da aiki mai kyau a wuya, ka zura hannu za ka ciro kuɗin mota ka ji aljihu a ɗinke. Ka koma, ya ce ai yanzu jaka ake yayi. Wannan ko a gaban wane alƙali aka kai shi, sunansa ɓarna, kuma kasancewar gyaran kyauta ne bai mayar da aljihun ba.

Sai hujjar masana, wai 'yar manhajar da ke tuƙa modem ɗin, wadda ake kira direba, ta tsarin 32 ce, ku kuma kun koma tsarin 64. Na yarda. Wa ya sayar da motar? Ku. Wa ya ɗauki direban? Ku. Kun sallami direba kun bar mota a tsakar gidan mutane, sannan kuna bayani kamar ruwan sama ne ya ja. Kamfanin da ya iya sa agogon hannu ya buɗe kwamfuta, shi ne sake rubuta direba ɗaya ya gagara? Kai, ku ji tsoron Allah! Ku dai ce ba ku ga riba a ciki ba, a wuce wurin.

Sauran shawarwarin naku ba su cancanci dogon zance ba. A sayi firinta mai faks: wato a sake sayen abin da aka riga aka biya. A yi rajista da masu tura faks ta intanet: kuɗin wata-wata, kuma takardar asibitin mutum ta kwana a rumbun wani kamfani da bai taɓa gani ba, daga bakin masu tallar sirri a allunan titi. Mafi ban haushi ita ce ta ƙarshe, wai ai ba dole aka yi wa kowa ba, kada ya sabunta. Da gaske? A watan Oktoban 2016 ku ne kuka sa Sierra ta riƙa sauke kanta a kwamfutocin mutane tana zaune tana jiran a danna. Wanda ya ƙi, bayan 'yan shekaru kuka daina aiko masa da facin tsaro, shafukan banki suka fara yi masa kallon baƙo. Gaba kura, baya sayaki, kuma ku ne kuka ɗaure su duka biyun.

Abin da ake nema bai kai kuɗin shayin ma'aikatanku na safiya ɗaya ba. Kwamfutar nan ta san abin da ke jone da ita. Ta san saura kashi nawa batirin linzami ya mutu, tana kuma damun mutum da sanarwa a kai. Ta san akwai modem a jikinta, ta san an tura faks da shi makon jiya. Layi ɗaya tak kafin a danna: idan ka ci gaba, faks ɗinka ya tafi. Kuna da wurin shafuka barkatai na sharuɗɗan da ba wanda ke karantawa, kuna da wurin hoton dutse, wannan layin ne kawai ya rasa masauki?

Ku cire jan ɗigon nan daga fuskar mutane, ko ku sa ya faɗi abin da ya zo ɗauka.

Wassalam.