Na Je Neman Aikin Laburare

Tallar ta ce jami'ar na neman ma'aikacin laburare da zai mayar da kundayen digiri da tsofaffin rubuce-rubucen ajami cikin kwamfuta, ya ɗora su a intanet, don a huta da takarda. Can ƙasa kuma aka ce mai nema ya kawo takardunsa kwafi 15, kowanne a ɗinke, har da shaidar ƙaramar hukuma, ta bautar ƙasa, da ta rajista da hukumar LRCN. Mai fotokofi ya rako ni har bakin titi yana sa mini albarka. A buhun Bagco na kai su ofishin rajistara.

Ranar intabiyu na shiga da babbar riga da kwamfutar aro. Na haddace DSpace kamar karatun allo: manhaja ce ta kyauta da MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002, jami'o'i ke adana bincikensu a ciki. Ina buɗe shafin farko NEPA ta ɗauke wuta. Janareta akwai, sai dai mai makullinsa ya tafi ɗaurin aure. Haka na tsaya ina nuna farin bango ina cewa, "Ranku ya daɗe, a nan akwai jadawali." Wani dattijo ya gyara tabarau, ya ƙura wa bangon ido, ya gyaɗa kai.

Sai shugaban kwamitin, wani farfesa, ya tambaye ni Dublin Core. Na ce tsari ne na bayanai 15 da ake rubuta wa kowane kundi, irin su take, marubuci, kwanan wata da harshe, don mai nema ya same shi. Ya yi murmushi ya ce ai ya san wurin, ya taɓa halartar taro a Ailan.

"Allah ya gafarta Malam," na ce, "wannan Dublin ɗin a jihar Ohio ta Amurka take. Can aka yi taron a 1995."

Sakatariya ta ajiye biro. A makaranta an koya mana jera littattafai bisa tsarin Dewey, amma ba wanda ya koya mana cewa idan farfesa ya je Ailan, a can ake barinsa.

Wata hajiya daga sashen kuɗi ta ce kwana nawa zan yi in gama da ajamin. Na ce na'ura hoto kawai take ɗauka, rubutun hannu kuwa sai an zaunar da malami ya karanta, a biya shi. Ta ce, "To ita kwamfutar me take yi ke nan?"

Ina tattara kayana farfesa ya miƙo mini wayarsa, wai WhatsApp ya ƙi buɗewa. Bidiyon biki ne suka cika ta. Na share na shara, ta buɗe, ya ce, "Je ka, ɗana, za mu neme ka."

Sun kuwa neme ni. Wayar ce ta sake cika.