Mu da Muka Ci Gabza

Mu da muka yi makarantar kwana ba mu da wuyar ganewa. Ko a wurin ɗaurin aure, ko a zaman makoki, ko a layin gidan mai, da zarar biyu daga cikinmu sun haɗu, to sauran jama'a sai haƙuri. Za ka ga dattijo da furfurarsa, ya sha babbar riga, direba na riƙe masa da ƙofar mota, sai wani ya ƙwala masa kira daga nesa da sunan da ko uwargidansa ba ta san shi da shi ba. Maimakon ya ɓata rai, sai ya saki motar ya taho da fara'a. A tafa, a rungumi juna, a tambayi iyali a gurguje, sannan a shiga ainihin maganar: wane gida ka zauna, wace shekara kuka fita, wa ke shugaban ɗalibai a zamaninku. In ta tabbata ɗaya ya riga ɗaya shiga, ko da shekara guda ce, shi ke nan an raba gardama. "Siniya, ranka ya daɗe," in ji ƙaramin, ko da kuwa yanzu shi ya fi kuɗi da muƙami.

Matanmu ma haka suke, har sun fi mu. Su in sun haɗu sai an yi guɗa, a tuna wadda ta iya kitso a ɗaki, da wadda mahaifiyarta ke zuwa ranar ziyara da dambun nama cike da kwalla, kafin a rabu kuma an tsayar da ranar fitar da anko.

Hirar duk inda ta zaga, ɗakin cin abinci take komawa. Gabza muke ce wa tuwon. Na dawa ne ko na masara, ana tuƙa shi a manyan tukwane tun da hantsi, kafin a kira mu ya yi ɓawo a sama, ciki kuma ga gudaji. Miyar kuka ce tsululu, mai na yawo a kanta ɗigo-ɗigo. Ƙararrawar kuwa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne aka rataye a jikin darbejiya, ɗan aji ɗaya ya ɗauki guntun rodi ya yi ta dukansa. Kana ji ka suri kwanonka, cokali dama yana aljihu, don wanda ya makara sai ƙanzo, wani lokaci ƙanzon ma an riga shi. Ranar wake kowa ya san ƙwarin da zai tarar suna iyo a sama, a sa cokali a yaye su gefe a ci gaba da ci. Ranar shinkafa da nama kuwa, ko wanda ke kwance a ɗakin shan magani sai ya ji sauƙi ya taso.

Abin da ya riƙe mu tsakanin wannan gabza da ta gaba shi ne akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gado. A ciki akwai garin kwaki, da ƙuli-ƙuli, da sukari a ƙulle, da yaji a gwangwanin madara, wanda iyayensa ke da shanu kuma har da soyayyen man shanu a kwalba. Ba a shan kwaki a ɓoye. Wanda ya yi haka, sunan da za a laƙaba masa har jikokinsa sai sun ji shi. Kwano ɗaya ake jiƙawa bayan an tashi daga karatun dare, cokula biyar ko shida su shiga. Mai wannan cokali ɗan hakimi ne, mai wancan ɗan mahauci, na kusa da shi ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, na ƙarshen kuma ya fito daga Filato ko Binuwai, a nan ɗakin ya koyi Hausa, mu kuma a bakinsa muka fara jin yadda ake gaisuwa da harshensu. Ranar Juma'a mu tafi masallaci, ranar Lahadi shi ya tafi coci, da dare a dawo kan kwano ɗaya. Ni a ganina wannan kwanon muke kewa in muna hirar gabza, don babu mai hankalin da zai yi kewar tuwo mai gudaji.

Sai hirar wahala, wadda muke yi da dariya. Tashin asuba da sanyin hunturu, layin famfo da bokiti, yankan ciyawa da langa-langa har tafin hannu ya yi kanta, duban tsafta ranar Asabar da ake goge kaya da dutsen guga na gawayi a shafa wa takalmi alli. Wannan duk horo ne, kuma ya yi mana rana. Har yau ɗan makarantar kwana ba ya rasa yadda zai yi da kansa in ya sauka a baƙon wuri. Amma akwai ɓangaren da bai kamata mu riƙa yi wa kwalliya ba. Gwale-gwalen da wasu manyan ɗalibai suka yi wa ƙanana ya wuce horo, zalunci ne. Tsallen kwaɗo a tsakar rana, kamun kunne har yaro ya faɗi, ƙwace abincin da uwa ta ɗaure wa ɗanta. Kowane aji yana da yaron da ya tafi hutu bai dawo ba saboda wannan, kuma irinsu ba sa zuwa taron tsofaffin ɗalibai balle mu ji ta bakinsu. In muna cewa a dawo da tarbiyya irin ta da, to mu riƙa tantance wadda muke nufi.

Abin da yaran yanzu ba sa yarda da shi in mun faɗa shi ne abin da gwamnati ke ba mu. Waɗanda suka yi karatu a shekarun 1960 da 1970 za su gaya maka an ba su kayan makaranta, da bargo, da sabulu, da littattafai, ranar hutu kuma a ba ka kuɗin mota ko a kai ka garinku. Uba manomi ba abin da ke kansa sai addu'a da ɗan guzuri. Malamai kuwa daga ko'ina: Turawan Ingila da suka rage, Indiyawa da 'yan Pakistan a lissafi da kimiyya, mutanen Ghana a Turanci, daga 1973 kuma ga masu yi wa ƙasa hidima. Kuma malamin a cikin makaranta yake kwana. Da dare kana karatu sai ka ga hasken tocilansa yana zagayawa.

A majalisa in ana wannan hira, 'yan Barewa ba sa bari a yi nisa ba su sa baki ba, kuma suna da abin faɗa. Makarantarsu ta faro ne daga Kwalejin Katsina da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ta karɓi sunan Barewa a 1971. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa a Katsina suka yi, Shehu Shagari ya yi zamanin Kaduna, Yakubu Gowon da Murtala Muhammad kuma na Zariya. Kafin su rufe baki ɗan Rumfa ya karɓe, ɗan Keffi ya ce a bar shi ya yi magana, ɗan Alhudahuda ya gyara zama. Su kuma 'yan Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, makarantun kimiyyar da jihar Kano ta kafa a 1977, sai su ce a je asibitoci a ƙirga likitoci a ga na wa suka fi yawa. Gardama ce mai daɗi, kuma ba a taɓa gama ta ba. Abin lura a ciki shi ne yawancin waɗanda ake alfahari da su daga ƙauye aka ɗauko su, wasu ma iyayensu ba su so ba, makarantar gwamnati ce ta ciyar da su ta koyar da su har suka zama abin da suka zama.

Dariyar tana ɗaukewa ne in wani ya ce, "Kwanan nan na bi ta makarantarmu." Kowa ya san abin da zai biyo baya. Tamu dai, da na shiga ɗakin da muka kwana, tagogin babu gilashi ko ɗaya, an toshe wasu da kwali. Gadajen ƙarfen sun ragu, katifu a ƙasa jere har bakin ƙofa. A ɗakin gwaje-gwajen kimiyya famfunan suna nan a jikin tebur, amma sun yi tsatsa, an daɗe ba su ga ruwa ba. Filin ƙwallo ya tsuke, don gari ya taso ya cinye gefensa da gidaje da shaguna. Gidajen malamai rabi babu rufi, saboda haka malamin da ya kamata ya zagaya da dare yana cikin gari, ya hau babur ya tafi tun la'asar. Wanda duk ka tambaya cikin abokai, tasu makarantar ma kusan labarin ke nan.

Ba dare ɗaya abin ya faru ba. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka fara a 1976 ya kawo yara masu ɗimbin yawa, abin alheri ne, amma ba a gina sakandare daidai da yawansu ba. Kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, malaman waje suka fara tattara nasu ya nasu, 'yan Ghana da yawa suka tafi a 1983, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo ya ƙarasa. Ciyar da ɗalibai ya zama nauyi, aka mayar da makarantu da dama na je-ka-ka-dawo. Daga baya kuma sai ga abin da ko a mafarki ba mu taɓa zato ba. Mu da muke kwana a waje lokacin zafi, maigadi ɗaya da sanda da tocila, muka wayi gari ana kwashe yara daga ɗakunan kwanansu: 'yan mata 276 a Chibok a 2014, 110 a Dapchi a 2018, samari sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021. Jihohi suka rufe makarantun kwana da ke bayan gari, wasu aka haɗe ɗalibansu da na cikin birni. Uban da ya ce ba zai kai 'yarsa ta kwana a daji ba, wa zai ga laifinsa?

To mu me muke yi? Muna da zaure a WhatsApp, kowane aji da nasa. Da asuba a yi sallama da addu'o'i, da rana a sa tsohon hoto a yi ta cankar wane ne na uku daga hagu, da dare a yi faɗan siyasa har wani ya fita a bi shi da ban haƙuri. In aji ya cika shekara talatin ko arba'in da fita, a yi karo-karo, a ɗinka hula iri ɗaya, a je a yi wa ƙofar makaranta fenti, a manna allo da sunan ajin. Ba na raina wannan, zumunci ne, kuma ta wannan zauren ake biya wa marayun abokanmu kuɗin makaranta, ake kai wanda ciwo ya kwantar asibiti. Akwai kuma azuzuwan da suka yi abin a zo a gani: suka haƙa rijiyar burtsatse, suka sa wuta mai aiki da hasken rana, suka biya wa 'yan ajin ƙarshe kuɗin jarrabawa, likitocin cikinsu suka duba yara kyauta. Allah Ya saka musu da alheri.

Sai dai akwai tambayar da ke sa zaure ya yi tsit. Wani tsohon malaminmu ne ya yi mana ita a wurin taro, bayan an gama jawabai an ba shi kyauta. Ya ce, "'Ya'yana, na gode, Allah Ya yi muku albarka. Amma cikinku wa ke da ɗa a makarantar nan?" Aka rasa mai ɗaga hannu. Namu suna makarantun kuɗi, wasu a Abuja, wasu a ƙasashen waje. Kowa yana da hujjarsa, kuma hujjar gaskiya ce, babu uban da zai kai ɗansa inda babu ruwa alhali yana da halin kai shi inda akwai. Amma sakamakon a fili yake. A da in gabza ta lalace, ɗan babban sakatare ma ita zai ci, kafin mako ya zagayo maganar ta isa ma'aikatar ilimi. Yanzu waɗanda ke kwana a ɗakunan nan 'ya'yan waɗanda ba su da mai jin kukansu ne. Kwamishinoni da daraktoci da 'yan majalisar da ke raba kasafin kuɗi kuwa, da yawansu 'yan zaurenmu ne, da su muka sha kwaki. Ɗan hakimi da ɗan mahauci sun daina haɗuwa a kwano ɗaya, kuma a hannunmu aka raba su.

Yaran da ke ciki yanzu ba su da bambanci da mu. Na ga wani ɗan aji ɗaya, wandonsa ya yi masa yawa ya ɗaure da igiya, yana ɗauke da bokiti biyu daga rijiyar bayan katanga, littafi a soke a aljihun baya. Da na gaishe shi ya ajiye bokitan ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Baba." Na tambaye shi me yake so ya zama, ya ce injiniya, bai ko yi jim ba. Shugaban makarantar kuma da muka zauna da shi bai roƙi fenti ba. Ruwa ya ce, da katanga, da gyaran gidajen malamai don su dawo su kwana kusa da yara, sannan waɗanda ke da faɗa a ji cikinmu su riƙa bin maganar kuɗin abinci har ya fito a kan lokaci.

A zaurenmu yanzu wani ya kawo shawara cewa mu daina jiran shekarar biki. Kowane zango mutum uku ko huɗu su je ba tare da sanarwa ba, su zauna a ɗakin cin abinci su ci abin da yaran ke ci, su leƙa banɗaki da ɗakin kwana, su dawo su rubuta abin da suka gani, a kai wa 'yan uwanmu da ke ma'aikata hannu da hannu. Wasu sun ce aiki ya yi yawa, wasu sun ce hukumar makaranta za ta ɗauka bincike aka zo yi mata. Ni dai ina bayan wannan shawara, kuma na ce a sa sunana a rukunin farko. A je ranar Talata ko Laraba a tsakiyar zango, lokacin da garin kwaki ya ƙare a akwatuna kuma babu wanda ya share hanya saboda zuwanmu.