Yadda Za Ka Zauna Lafiya da Harafin S

Da farko dai ka kwantar da hankalinka. Abin nan da malaman Turanci ke kira konkod, wanda ke sa ɗalibi ya yi ta cizon biro a zauren jarrabawa, ba baƙonka ba ne. Kana yin sa tun kafin ka iya ɗaure zariyar wando. Audu ya tafi, Binta ta tafi, yara sun tafi. Ba ka taɓa cewa "Binta ya tafi" ba, in kuwa wani ya faɗa a gabanka, nan take za ka gane koyon Hausar yake yi. Konkod ɗin ke nan: mai aikin da kalmar aikin, wato aikau da aikatau, su tafi da shiri ɗaya. Kai har jinsi kake dubawa, mace ce ko namiji. Aikatau na Bature bai san wannan wahala ba. To mutumin da ke juya na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun ba tare da tuntuɓe ba, don me harafi guda zai hana shi barci?

Ka ɗauki s ɗin nan a matsayin hula ɗaya tilo a gidan 'yan'uwa biyu, wato suna da aikatau. In suna ya sa ta, aikatau ya fita kai ba hula: "the boys run". In suna ya ajiye, aikatau ya ɗauka: "the boy runs". Ba sa sa ta a lokaci guda. Duk ranar da ka ga "the boys runs", an yi rigima a gidan, sai ka shiga ka raba. Akwai sunayen da tasu hular a aljihu take, irin su "children" da "men" da "people". Jam'i ne ko da ba ka ga s ba, saboda haka "the children run". "I" da "you" kuwa ba su yarda aikatau ya sa hula a gabansu ba ko kaɗan. Sannan ga babban yaya, "does". Da ya shigo zance, hular tasa ce, ƙanensa ya haƙura. Shi ya sa ake cewa "she cooks", amma "does she cook?" da "she doesn't cook". Mai rubuta "does she cooks" ya ɗinko hula ta biyu ne ba a sa shi ba. Su "can" da "will" da "must" da "should" dattawa ne masu rawani, ba ruwansu da hula, kuma ba sa barin na bayansu ya sa: "he can drive".

Zai ƙara maka ƙarfin gwiwa ka san cewa s ɗin ma ɗan arewa ne, arewacin Ingila. Mutanen kudu "goeth" da "hath" suke cewa, kuma haka abin yake a fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611. A hankali s ya gangaro London, har Shakespeare ya riƙa haɗa tsohon salon da sabon a wasanninsa. Turawan ma sun daɗe suna tafka muhawara kan dacewar nan. A ƙarni na 18 masu ilimi da yawa "you was" suke rubuta wa mutum ɗaya, sai Robert Lowth ya yi tir da shi a littafinsa na nahawu na 1762, masu koyarwa suka bi bayansa. Kenan ba saukar da dokar aka yi daga sama ba, mutane ne suka daidaita a kanta, kai ma kana iya koyonta.

Yanzu sai babban aiki: gano waye ainihin mai aikin. Nan ne aka fi zubar da maki, domin Turanci na son cusa kalmomi tsakanin aikau da aikatau har ka manta da wanda ka fara. "The price of tomatoes has gone up." Ido na ganin "tomatoes" da s ɗinsa, hannu sai ya zarce ya rubuta "have". Tsaya tukuna. Tumatir ne ya tashi ko farashi? Tambayi Hausarka: farashin tumatir ya tashi. Shi ke nan, "has". Dabarar ita ce ka sa yatsa ka rufe duk abin da ya fara daga "of", ka karanta abin da ya rage. Haka za ka yi wa "one of my friends is a doctor", jimlar da ake yi wa rauni biyu a lokaci guda, wani ya ce "one of my friend", wani ya ce "are". Alhali a Hausa ba ka taɓa kuskurenta ba: ɗaya daga cikin abokaina ya zo. Abokai jam'i, ya tilo. Ka mayar da ita yadda take, ka ci makinka.

Sai dai yatsan nan yana da inda ba ya aiki. "A number of students are absent" daidai ne, domin ma'anarsa ɗalibai da dama. "The number of students is small" shi ma daidai ne, domin a nan adadin ake magana a kai. Bambancin duka "a" ne da "the", kuma masu shirya tambayoyi na ƙaunar wannan tarko ƙwarai. Haddace su tare kamar tagwaye.

"Everybody" na ruɗa mutane saboda suna hango taron jama'a a cikinsa. Kai kuwa kana da kowa. Kowa ya zo, kowa ya ci, kowa ya tafi; ba ka cewa kowa sun zo, ko da filin Idi ne ya cika. "Everybody is here", "nobody knows", "each of them has a car". Nan Hausa da Turanci bakinsu ɗaya.

Inda suka fara rabuwa shi ne wajen rakiya. Mu muna cewa gwamna da kwamishinoninsa sun iso, kuma in "and" ne ya haɗa su, Turanci ma jam'i yake yi. Amma in aka ce "together with" ko "as well as" ko "along with", 'yan rakiya ba sa shiga lissafi. "The governor, together with his commissioners, is coming." Komai tsawon jerin gwanon motocin, komai ƙarar jiniya, "is" ɗin na mutum ɗaya ne. Shi kansa "and" yakan sassauta in abu biyun sun zama ɗaya a faranti: "rice and beans is my favourite meal", kuma duk mai sayen garau-garau ya san ba abinci biyu yake biya ba. Su kuwa "neither... nor" da "either... or", maƙwabci suke dubawa, wanda ya fi kusa da aikatau shi ke da iko. "Neither the driver nor the passengers were hurt." Juya su, direba ya koma baya, sai ta zama "was".

Akwai kuma wuraren da nake roƙonka kada ka nemi shawarar Hausa, don za ta faɗa maka gaskiyarta ne, ba ta Bature ba. Wandona ya yage, in ji ka. Bature ƙafafun wandon yake ƙirgawa, ya samu biyu: "my trousers are torn". Haka yake ƙirga bakin almakashi da idon tabarau, "the scissors are sharp", "my glasses are broken". In kana son ka mayar da su tilo, ka kawo "pair": "this pair of trousers is new". Ka kai wa tela wando ɗaya, a Turanci jam'i ka kai masa, amma kada ka yarda ya caje ka kuɗin biyu. A gefe guda kuma ga masu s na ado kawai, waɗanda tilo ne: "the news is good", "mathematics is easy", "measles is dangerous". Ga 'yan sanda da shanu, ba s amma jam'i: "the police are here", "the cattle are grazing". Mu muna da shawarwari da bayanai da kayayyaki, shi ya sa hannu ke ƙaiƙayin rubuta "advices" da "informations" da "furnitures" da "equipments". Ka danne shi. Waɗannan ba a ƙirga su a daidaitaccen Turanci, "is" suke ɗauka: "the information is correct". Kuɗi ma haka. Kai kana iya cewa kuɗin ya ƙare ko kuɗin sun ƙare, shi Bature "the money is finished" kawai ya sani, kuma ko ka ambaci adadi, dunƙule shi yake yi: "fifty thousand naira is not enough".

Akwai ɗinmu ba ya canza riga, akwai mutum, akwai mutane. Nasu sai ya leƙa gaba ya ga me ke tafe: "there is a man outside", "there are two men outside". Kai ma leƙa kafin ka rubuta.

Wata rana a gidan kallon ƙwallo za ka ji mai sharhi daga Ingila ya ce "Arsenal are winning", wani ya zabura ya ce yau ya kama Bature da kuskure. Ka riƙo rigarsa ya zauna. Mutanen Birtaniya sukan ɗauki ƙungiya a matsayin mutanen da ke cikinta, su ce "the team are", 'yan Amurka kuma sun fi son "the team is". Mu ma ai muna cewa jama'a ta taru, muna cewa jama'a sun taru. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne sauya sheƙa a tsakiyar jimla. In ka fara da "the committee has", ka ƙarasa da "its report". In ka ce "have", to "their". Haka kuma "if I were you" ba kuskure ba ne, tsohon salo ne na faɗin abin da bai faru ba, irin namu na "da ni ne kai".

Na damu da wannan batu ne saboda na san abin da ke rataye a kansa. Ba a shiga jami'a a Nijeriya sai da kiredit a Turanci, ko daga WAEC ko NECO ko makamantansu, kuma a jarrabawar JAMB Turanci dole ne ga kowa, ko likita kake son zama ko lauya. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ya iya lissafi da kimiyya, sai ya zauna gida shekara guda saboda ƙananan abubuwa irin waɗannan. Bai kamata ba, tunda abin na koyuwa cikin 'yan makonni.

Za ka ji "he don't" a waƙoƙi da finafinan Amurka, za ka ji Turancin buroka a tasha ba s ko ɗaya. Kada ka raina su, kowanne da tsarinsa kuma masu shi na fahimtar juna sarai. Amma takardar neman aiki da takardar jarrabawa daidaitaccen Turanci suke so. Kafin ka miƙa, karanta ta a bayyane, ka dafa kowane aikatau da yatsa ka tambaye shi: wa ya yi ka, mutum ɗaya ko da yawa? Ka fi tsananta bincike a dogayen jimloli, da duk inda ka ga "of" ko "with", da layin farko na wasiƙa, wanda shi manaja ke fara karantawa.