Wai Don Ɓera Muke Ajiye Mage

Ku tambayi kowane magidanci a unguwarmu dalilin da ya sa yake ajiye mage, zai ce saboda ɓera ne. Dukanmu haka muke cewa. To wane ɓera ne ya sa ake ware mata kan kifi a murfin kwano? Wane ɓera ne ya sa Inna take hana a naɗe tabarma don mage na barci a kai? Ranar da magen ta kwana biyu ba ta dawo ba, gida ya yi tsit kamar an yi rashi, Baba da kansa ya ɗauki tocila yana haska bayan buhunan gero, wai takalminsa yake nema. In ka matsa masa sai ya kawo maka Abu Huraira, sahabin da 'yar kyanwa ta jawo wa laƙabi, shi ke nan bakinka ya mutu.

Masu tattabaru kuwa ba a magana. Saurayi bai karya ba, amma ya auno musu dawa, in tattabarar maƙwabci ta janye masa guda ɗaya, sai a yi mako ba gaisuwa.

Wanda ya fi tona mana asiri shi ne ragon layya. Mu saye shi wata uku kafin Babbar Sallah, mu ce don ya fi araha, sai yara su raɗa masa suna, su wanke shi da sabulu, su riƙa satar masa ƙanzo bayan dusa da harawar da ake ba shi. Da safe in an buɗe ƙofa shi ake fara dubawa. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma duk mun ɗauru a turken nan. Ranar Sallah auta ya shige ɗaki yana kuka, ya rantse ba zai ci ba, Yaya tana rarrashinsa alhali ita ma idonta ya yi ja. Da yamma ƙamshin suyar hanta ya fito da shi. Ba mai yi masa gori, kowa ya taɓa irin wannan rantsuwa.

Haka muke da ƙungiyar ƙwallonmu ta Pillars. Wanda ya ce jiya ya daina kallonsu, hawan jini suke sa masa, shi za ka tarar ran wasa a gaban layin tikiti a Ƙofar Mata, filin Sani Abacha, da rigarsa ruwan ɗorawa da kore, ɗansa a wuya. Tun a cikin a-daidaita-sahu yake karanta wa yaron tarihi: an kafa ƙungiya a 1990, an ɗauki kofin lig a 2008, aka sake jera uku daga 2012 zuwa 2014. A cikin filin kowa koci ne, har mai tallan rake. Dattijon da ba ka jin muryarsa ko a sahun masallaci, da Rabi'u Ali Pele ya ajiye ƙwallo zai buga, sai ya miƙe, hula a hannu, yana kwarara "Sai Masu Gida!" Ya dawo murya a dishe, uwargida ta tambaya, ya ce mura ce. Tikitin kuma yana nan cikin aljihun babbar riga, ba a yar da shi ba.

Ai mu ba ma yar da abu, ko da yake muna cewa tarkace ne. Buɗe adudun Inna ka sha kallo: hular da ta ɗinka wa ɗan fari, faifan kaba da kakarmu ta saƙa, 'yar tsanar kara mai hannu ɗaya, motar langa-langa da auta ya ƙera da gwangwanin madara, har da ƙwallon tsumma da aka ɗaure da roba. Ka ce za ka zubar, ta ce, "Ajiye min abina, da tsohuwar zuma ake magani."

Ragon nan ma bai bar gidan ba. An kai fatarsa majema, ta dawo buzu, a kansa Baba yake lazimi bayan asuba. Auta ya girma, amma har yau in zai shimfiɗa wa Baba buzun, da sunan ragon yake kiransa, kuma da an tashi daga kai mage ce take hayewa.