Humusin Anini

Tun da aka gano zinariya a tsaunukan Jado, can arewacin Nijar, a shekarar 2014, samarin ƙasar Hausa suka yi ta kwarara cikin Sahara, waɗansu suka komo da motoci, waɗansu da tari. Shi kuwa ɗan ƙanwata, bayan hukuma ta rufe wurin a 2017, sai ya komo Gwarzo da wata na'ura mai dogon mariƙi da faifai a gindinta, wadda, in ji shi, babu ƙarfen da zai ɓuya mata ko da tun zamanin Bagauda ƙasa ta haɗiye shi.

Ya ce, "Kawu, Turawan Ingila da hunturu suke fita bakin teku da irinta, sa'ad da igiyar ruwa ta kwashe yashi, sanyi kuma ya kori jama'a." Na ce in ba mu da teku ai muna da madatsar ruwan Guzuguzu a ƙasar Kabo, wadda ke janyewa da rani ta bar gaɓa, ga shi kuma dattawa sun sha ba mu labarin cewa a zamanin da Maraɗawa ke kawo hari yammacin Kano, mutane kan binne dalolinsu a tukwane su gudu, ba kuwa kowa Allah ya nufa da komowa ba.

Da yake ni mutum ne mai gudun haram, ban yarda mun tashi ba sai da muka ɗauki malamin unguwarmu, wanda ya buɗe Risala ya tabbatar mana cewa rikazi, wato dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne, humusi ake fitarwa daga cikinta, saura na mai tsintuwa ne. Daren nan muka raba kashi huɗun da suka rage, har muka yi ɗan saɓani a kan wanda zai fara zuwa Hajji.

Muka fita bayan sallar asuba, mu uku a kan babur ɗaya, cikin jaura mai tsaga leɓe da hazon da ya hana mu ganin junanmu sosai, Malam ya naɗe da bargo har hanci, ba abin da ke fita daga cikinsa sai hailala. Da isarmu na'ura ta kama kuka, ba ta kuwa sake yin shiru ba, domin ƙasar wajen marmara ce, marmara kuwa cike take da tama, ita kuma na'urar ba ta san bambancin dukiyar magabata da dutsen Allah ba. Muka tono gwangwanin madara, da ƙugiyar masunta, da ƙusa. Hantsi na dubawa sai ga ɗan ƙarfe mai huji a tsakiya, da tauraro a bayansa: anini, ushirin kwabo, irin wanda aka daina ciniki da shi tun kafin naira ta zo a 1973.

Malam ya juya shi, ya murza, ya yi shiru irin na masu ijtihadi, sannan ya yanke cewa ko da yake sunan Sarkin Ingila ke jikinsa, ta hannun Musulmi ya bi, saboda haka ba rikazi ba ne, luƙaɗa ce, wajibi ne a yi cigiyarta shekara guda. Na ce, "Allah gafarta Malam, ai an yi rangwame a kan abu ƙanƙani." Ya ce wanda ya baro ɗakinsa da asuba cikin wannan sanyi saboda abu, ba shi da bakin kiransa ƙanƙani.

Muna cikin wannan muhawara na'ura ta ƙwalla wata irin ƙara kamar akuyar da kura ta kama. Yaro ya ce, "Kawu, tukunyar ce!" Na karɓi diga da hannuna, na yi basmala, na ɗaga iyakar ƙarfina na sara, sai ruwa mai sanyin ƙanƙara ya yi tsiri ya sauka a kan bargon Malam. Ashe bututun ƙarfe ne da wani manomin rani ya binne don shayar da albasarsa, ga shi kuwa tafe da fartanya da 'ya'yansa maza, yana kiranmu da sunan da ban taɓa zaton za a kira malamin fiƙihu da shi ba.

A zauren mai unguwa, Malam na karkarwa a bakin wuta, aka tambaye shi hukuncin wanda ya lalata kayan wani. Ya ce lamuni ya hau kan mai riƙe da digar. Na biya kuɗin bututu, da na albasar da ta sha ƙishirwa.

Ran Juma'a aka yi cigiyar anini. Kafin la'asar wata tsohuwa ta aiko jikanta cewa nata ne, alamarsa kuwa huji a tsakiya. Malam ya ce siffa ta dace, aka miƙa. Bayan magariba jikan nata ya dawo, wai ta ce ina zaren da yake jiki.